Abin da Ke Kan Tsibiran

A zamanin da, an yi wani sarki, Barmo na Tamna, wanda ya ci Sarkin Zandur da yaƙi. Zandurawa sun daɗe suna mallakar tsibiran wani babban tafki, da aka zo sulhu suka sallama su. Sai dai marubutan sulhun sun ja layin iyaka ba tare da sun taɓa shiga kwalekwale ba, har tsibirai biyu suka faɗa bayan layin. Dole aka sake zama domin yarjejeniya ta biyu ta fayyace ta farko.

Jakadan Zandur ya karanta: "Mun bar wa Tamna tsibiran nan biyu da duk abin da ke kansu."

Sarki Barmo ya yi murna, don ya riga ya yi wa jarumansa alkawarin raba musu tsibiran a matsayin ganima. Ya ce da Waziri Haliru ya buga hatimi. Waziri ya riƙe hatimin, ransa a ɓace.

Ya ce, "Jakada, Allah ya kiyaye ka, mene ne abin da ke kansu?"

Jakada ya ce, "Dabino ne, da awaki, da jirage, da masunta."

Ku ji rashin kunya! Masunta a bayan awaki, kuma ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

Akwai wata dattijuwa, Inna Dudu, shugabar masuntan, da ta biyo labarin har ƙofar fada, dogarai suka hana ta shiga. Waziri ya nemi izini aka shigo da ita, ya dube ta ya ce, "Salamu alaikum."

Ta ce, "Wa alaikumus salamu, ɗana."

Waziri ya juya ga Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tun da nake ban taɓa jin abu ya amsa sallama ba. Zandurawa sun ƙirga bayin Allah cikin kaya shekara da shekaru, yau kuma suna so mu karɓa da hatiminmu. Idan domin mu gaji wannan zalunci aka zubar da jinin 'ya'yanmu, to wallahi Zandur ce ta ci yaƙin, suna kawai ta sauya."

Fuskar Sarki ta yi ja. Sai ya sa aka kankare “duk abin da ke kansu” daga takardar, ya janye alkawarin ganima, ya ce, "Inna, wa kuke so ya mulke ku?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun kakannina ba a taɓa tambayarmu ba. In na amsa ni kaɗai, na zama jakadan nan. Bari in koma in tambaye su."

Sarki ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ba Inna jirginsa. Hatimi ya jira dawowarta, domin ba a kiran hukunci adalci sai an ji daga bakin wanda zai kwana a ƙarƙashinsa.