Kuɗin Zumunci

An yi wani sarki a Birnin Zangaru, sunansa Hamidu ɗan Jatau, mutum ne mai son a kira shi adili, kuma a mafi yawan ranaku ya cancanci kiran. A zamaninsa birane shida na bakin Kogin Baure suna ƙarƙashin wani alkawari da kakanni suka ƙulla, suka sa masa suna Amana. Sharaɗinsa shi ne, ɗan kowane birni cikin shidan ɗan gida ne a sauran biyar, ya shiga ba mai tambayarsa, ya yi noma, ya yi aure, ya zauna iyakar kwanakin da Allah ya ba shi. Hatimin Amanar yana hannun Sarkin Zangaru.

Ana nan sai manyan Tuluwa, birnin da ke ƙetaren kogi, suka ga Amanar ta takura su. Mutum goma sha biyu suka zauna a zauren wani attajiri, Madugu Barau, suka sha fura, suka yanke shawarar fita. Talakawan Tuluwa a kasuwa suka ji labarin 'yancinsu, bayan an riga an gama ba su shi.

Sarki Hamidu ya ji haushi, da yake kuma haushin sarakuna ba ya daɗewa a ciki sai ya zama doka, ya yi umurni cewa daga yau mutumin Tuluwa baƙo ne, kwana uku gare shi a Zangaru, rana ta huɗu Sarkin Ƙofa ya raka shi bakin jirgi. Wazirinsa Shu'aibu, wanda Allah ya haɗa masa tausayi da sanin amfanin baitulmali, ya kawo sassauci. Ya ce duk mutumin Tuluwa da ke son riƙe haƙƙinsa na da, ya riƙa biyan wuri dubu goma kowace shekara, a ba shi takarda mai hatimi, ya ci gaba da zama ɗan gida. Aka sa wa abin suna kuɗin zumunci, domin ba a taɓa jin fadar da ta sa wa harajinta mummunan suna ba. Wanda ya fara biya shi ne Madugu Barau. Kafin wata ya mutu, sauran goma sha ɗayan duk sun bi sahunsa.

To, a Tuluwa akwai wata tsohuwar ungozoma, Iya Tabawa, wadda ta shekara arba'in tana ƙetare kogin nan tana karɓar haihuwa a ɓangarorin biyu, ba ta taɓa lura cewa jariran wannan gaɓa sun fi na waccan iya kuka ba. 'Yarta guda, Hansatu, tana aure a Zangaru, tana da cikin fari. Bisa al'ada gidan iyayenta za ta je goyon ciki, amma da sabuwar doka yaron da aka binne cibiyarsa a Tuluwa baƙo ne a garin ubansa, saboda haka ta zauna a ɗakinta. Mijin maraya ne, ba uwa ba gwaggo, ya kuma tafi fatauci da ayari. Iya Tabawa ta ƙetaro ta karɓi haihuwar, namiji, ta ɗora ruwan wankan jego wanda ake yi kwana arba'in. Rana ta huɗu Sarkin Ƙofa ya zo ya tsaya a zaure, kansa a sunkuye, ya raka ta bakin jirgi.

Ta koma neman kuɗi. Maƙwabta suka yi wa Hansatu abin da maƙwabta ke iyawa a lokacin girbi, wato leƙowa da safe. Mai jego ta riƙa ɗaukar itace da tukunyar ruwa da kanta, zazzaɓi ya kama ta, ranar kwana goma sha ɗaya da haihuwa aka kai ta makwancinta. Ranar goma sha biyu Iya Tabawa ta iso da kuɗinta cif.

Ta goya jaririn, ta je wurin magatakarda, amma ta ƙi miƙa masa kuɗin, ta ce ita tun tana budurwa ba ta taɓa sayen kaya ba ta ga mai shi ba. Sarkin Ƙofa, wanda kunya ta hana shi sukuni, ya ɗauki buhun ya kai ta gaban sarki. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta faɗi labarinta ba hawaye, kamar mai faɗin labarin wata. Ta ce ba ta da ikon fita da ɗan Zangaru ba izinin ubansa, ba ta kuma da ikon zama da shi fiye da kwana uku.

“Allah ya ja zamanin sarki,” in ji ta, “ba ƙara na kawo ba, saye na zo yi. Na sayar da gadona da tasoshina da akuyata. A ba ni takardar in zauna da yaron nan. Wannan da ya raka ni jirgi ma ban riƙe shi ba, ni na yanke masa cibiya, tana nan gindin magaryar bayan gidansu.”

Sarki ya dubi majalisa ya ce yana da mas'ala guda, kuma ba za a taɓa buhun nan ba sai an warware ta: mai gishiri ya san gishiri yake sayarwa, mai doki ya san doki ne, to su a fada mene ne suke sayarwa?

Waziri ya amsa da hujja mai kyau, ba za a zalunce shi a ce ba haka ba. Ya ce ganuwa da rijiyoyi da jiragen fito ba sadaka ke riƙe su ba, wanda kuwa ya janye hannunsa daga ɗaukar kaya ba shi da hujjar neman rabo, kuma da babu kuɗin zumunci da ƙofar a rufe take ga kowa, mai shi da marar shi.

Sarki ya juya ga Alƙali Ɗayyabu, wani tsoho mai ƙarancin magana, wanda tun da aka kafa dokar bai ce komai ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Alƙali ya ce, “Allah ya ba ka nasara, Waziri ya faɗi gaskiya a kan ganuwa, sai dai baiwar Allah nan ba ganuwa ta zo saye ba. In zaman nan haƙƙinta ne, mun sayar mata da kayanta. In kuwa ba haƙƙinta ba ne, to mun gano cewa bambancin ɗan gida da baƙo wuri dubu goma ne, abin da kakanninmu ba su sani ba. Ni a ganina ba ɗaya daga cikin biyun muke sayarwa ba. Mu muka sari ƙaya muka shimfiɗa a hanya, sannan muka zauna a gefe muna karɓar ladan ɗagawa. Fushinka da mutum goma sha biyu ne, ranka ya daɗe, kuma dukkansu jiya a Zangaru suka yi sallar Juma'a, a sahun gaba. Hukuncin ya tsallake su ya faɗa kan wadda ba a gayyata zauren ba.”

Sarki ya tambaye shi me ya hana shi faɗin haka tun farko. Alƙali ya ce ya jira a tambaye shi ne, kuma wannan jiran yana cikin abin da zai amsa a gaban Ubangiji, tare da sarki da Waziri.

Ba a saba jin irin wannan a fada ba, fadawa suka dubi ƙasa. Sarki ya dubi jaririn, sannan ya yi hukunci. Ya ce duk wanda aka haifa Amana tana raye, ɗan gida ne har ya koma ga Allah, ba da wuri ko ɗaya ba, kuma dokar kwana uku ta mutu daga yau. Abin da ke tsakaninsa da manyan Tuluwa, za a yi shi tsakanin manya. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Alƙali, ya kuma sa masa sharaɗi cewa daga yanzu kada ya sake jiran tambaya. Madugu Barau ya aiko washegari yana neman a mayar masa da kuɗinsa. An ce har yanzu ana duba maganar.

A zaman nan dai, sarki ya ce wa tsohuwa, “Iya, ɗauki kuɗinki, ki kuma roƙi abin da kike so.”

Ta ce, “Abin da nake so, ranka ya daɗe, ba ya cikin taskarka, an rufe shi jiya. Amma akuyar nan da na sayar tana da nono. Da ita na yi niyyar shayar da yaron, sai na ga in na riƙe ta ba ni da zama, in na sami zama ba ni da ita.”

Aka aika Tuluwa neman akuyar, aka tarar mahauci ya riga manzo. Sarki ya sa aka kawo awaki goma masu shayarwa daga garkensa. Iya Tabawa ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi guda, ta ce yaron cikinsa ɗaya ne. Ta ja akuyarta ta nufi gidan 'yarta, Sarkin Ƙofa na biye da ita da buhun kuɗin a kansa, ta hanyar da ya bi da ita zuwa bakin jirgi.

Masu ilimin wannan ƙasa sukan ce, kafin mai mulki ya sa wa ƙofa farashi, ya fara tambaya wa zai kasa biya, domin adalcin da ya makara ana karɓarsa ne don babu wani, amma ba ya dawo da wanda ya tarar an binne.