Laifin da Vegard Ya Ɗora wa Matarsa

Akwai wani mai walda a garinmu na bakin teku, a yammacin Norway, sunansa Vegard. A wurin ƙera jiragen ruwa yake aiki. Matarsa Hege tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma suna da 'ya'ya mata biyu: Tuva mai shekara goma sha biyu, da Oda mai shekara biyar.

Dukansu biyu suna sha. Na Hege ya faro ne daga ciwon baya. Likita ya rubuta mata ƙwayar kashe ciwo, daga baya ta fara haɗawa da giya. Shi kuwa Vegard tun yana saurayi yake shan giya, sai dai ya iya ɓoyewa. Bai taɓa makara a wurin aiki ba, kuma da wannan yake taƙama.

Duk ranar Alhamis Hege ce ke ɗauko yaran daga wurin koyon iyo da ƙarfe huɗu. To wata Alhamis a watan Janairu, da safe, ta tsare shi a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi.

Ta ce, "Vegard, yau ban yarda da kaina ba. Kada in tuƙa mota da yara a ciki. Ka ɗauko su."

Ya ce, "Na ji. Ki kwanta abinki."

Da aka tashi aiki ya biya gidan wani abokinsa, wai zai sha kwalba ɗaya. Bai sake tuna yara ba sai bayan ƙarfe shida.

Awa biyu da rabi yaran suka yi a waje, gashinsu a jiƙe, dusar ƙanƙara na sauka. Tuva ta ƙi shiga ta gaya wa kowa, saboda ba ta so a san halin gidansu. Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe ƙanwarta. Wata mai shara ce ta gan su, ta kira hukumar kula da yara. Oda ta kwana biyu a asibiti saboda sanyi ya kama mata ƙirji.

Da jami'an suka isa gidan, sun tarar da Hege a kan kujera ba ta san inda kanta yake ba. Vegard ya shigo daga baya, ya riga ya wanke fuska, yana tauna cingam. Aka tambaye shi, sai ya ce, "Ai Alhamis ranarta ce. Kowa ya sani."

Da Hege ta farfaɗo, ba ta tuna komai na wannan safiyar ba. Aka ce mata ta manta da 'ya'yanta a cikin sanyi, ta yarda.

Hukumar ta mayar da yaran gidan kakarsu Borghild, mahaifiyar Vegard. Aka ce wa iyayen in suna son 'ya'yansu su dawo, sai su biyun sun shiga cibiyar kula da masu shaye-shaye na mako goma sha biyu. Suka shiga tare.

Dokar cibiyar ita ce waya da yara duk Laraba da ƙarfe shida na yamma, ziyara kuma duk Lahadi da rana.

Ranar Laraba Tuva kan yi ta zuba wa babanta labarin ƙwallon hannu, wa ya ci, wa ya faɗi. In ya ce, "Ga Mama nan," sai ta ce, "Ka ce mata ina aikin makaranta." Ƙaramar ce kaɗai ke karɓa. Hege takan rubuta wa Tuva wasiƙa duk mako. Ranar Lahadi Borghild ta zaro ta daga jaka, ba a ko buɗe ba, ta ajiye a gefen faranti.

"Ba ni na hana ta ba," in ji tsohuwar. "Yarinya ai ba ta mantuwa."

Jama'a, abin kunyar shi ne, Vegard daɗi yake ji. Shi ne uba na kirki, wanda 'yarsa ke rugowa ta rungume. A zaman da masu jinya ke yi kowace safiya, in layi ya zo kansa sai ya ce, "Ni fa gaskiya rakiya na yi. Matata ce abin ya yi wa yawa."

Wani tsohon direban babbar mota mai suna Steinar, wanda wannan ne zuwansa na uku, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "Sannu ɗan rakiya. To kofin hannunka me ya sa yake rawa? Ko shi ma tausayin matar taka yake ji?"

Kowa ya yi dariya, ban da Hege. Ita kare shi ma ta yi. Ta ce, "Ku ƙyale shi. Shi dai bai taɓa mantawa da yara a titi ba."

Vegard ya sunkuyar da kai. Mutane suka ɗauka tawali'u ne.

A Lahadi ta shida, Borghild ta kawo wainar fulawa da cuku, ana ci a ɗakin baƙi. Hege ta ga gashin Tuva ya hargitse, ta kai hannu za ta gyara mata. Yarinyar ta ture hannun.

"Kada ki taɓa ni. Na yi ta kallon hanya ina ce wa Oda ga Mama nan. Duk farar motar da ta ɓullo sai in ce ke ce. Kina gida kina barci."

Hege ta mayar da hannunta kan cinyarta, ta bar shi a nan har aka tashi.

Washegari bayan karin kumallo, Vegard ya same ta a ɗakinta tana ninke kaya cikin jaka.

"Ina za ki?"

"Gidan 'yar uwata a Bergen. Zan sa hannu yaran su zauna wurin mahaifiyarka. Kai ka ƙarasa, ka karɓe su."

"Haba Hege, kwana arba'in fa ba ki sha komai ba."

"Don wa nake yi? Uwar da za ta manta da 'ya'yanta a ƙanƙara, gara ba ta nan."

Ya san in ta fita daga wannan ƙofar, kafin yamma ta koma sha. Ya tsaya yana kallonta tana cusa safa a gefen jaka.

Ya ce, "Ba ki manta ba."

Ta ɗago.

"Da safiyar ranar nan kin ce in ɗauko su. Kin ce ba ki yarda da kanki ba. Na ce na ji. Ni ne na je na sha."

Ta daɗe a tsaye da safar a hannunta. Da ta yi magana, muryarta ba ta ko tashi ba.

"Wata biyu kana kallona ina cin kaina. Ka riƙe hannuna a gaban mutane kana cewa in yafe wa kaina."

"Hege, don Allah..."

"Kada ka ba ni haƙuri. Ba ni ya kamata ka fara gaya wa ba ma. Je ka gaya wa 'yarka."

Ba ta tafi ba, amma kwana uku ba ta zauna teburi ɗaya da shi ba.

Ya fara faɗa a zaman safe, a gaban mutum goma sha huɗu. Ya jira Steinar ya yi masa ba'a. Tsohon sai ya tura masa butar kofi kawai, ya ce, "To, barka da zuwa. Yau ka iso."

Jami'ar da ke kula da lamarinsu, Ingunn, ta zaunar da shi kafin Lahadi. Ta ce, "Ka faɗi abin da ya faru a taƙaice. Kada ka kawo dalili. Kada ka yi kukan da zai sa yarinya ta koma lallashinka. Kuma kada ka roƙe ta ta yafe maka a ranar. Wannan wani nauyi ne kuma za ka ɗora mata."

Ranar Lahadi aka kai Oda ɗakin wasa. Suka zauna su huɗu, Ingunn na gefe.

Ya ce, "Tuva, ranar nan ni ne ya kamata in zo. Mamanki ta gaya mini da safe, na amsa. Na je na sha giya na manta. Sannan na yi ƙarya na ce ita ce. Ni mashayi ne, ba rakiya na yi ba."

Borghild ce ta fara magana. "Vegard, kare ta kake so ka yi, ko?"

"A'a Inna. Gaskiyar ke nan."

Tsohuwar ta dubi Hege. Fuskarta ta yi ja har wuya.

Tuva kuwa ido ta zuba wa babanta. Ta ce, "Duk Laraba ina gaya maka na tsane ta. Kana cewa in yi haƙuri, ba ta da lafiya."

"Haka na ce."

"Kana ji na, ka yi shiru."

"Na yi shiru."

Kada ku ɗauka ta ruga ta faɗa jikin uwarta. Ta juya ta ce wa Hege, "Ke ma ai kina sha. Da lafiyarki ƙalau, da ke za ki zo."

Hege ta ce, "Gaskiya ne. Wannan laifina ne, ba zan ba kowa ba."

Yarinyar ta tashi ta fita ta zauna a cikin motar kakarta har lokacin ziyara ya ƙare. Da Borghild za ta tafi, ta tsaya a gaban Hege tana murza hular hannunta. Ta ce, "Na faɗi maganganu a kanki a gaban yaran nan. Zan je in gyara."

Daga nan abin ya juya. Laraba ta zo, Tuva ta ce a ba ta Mama. Minti biyu suka yi, maganar takalmin motsa jiki. Mako na gaba minti biyar. Shi kuwa Vegard, ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Ya tambayi Ingunn ko ya daina takura wa Tuva. Ta ce, "Ba a ce ka takura mata ba. An ce ka kasance a wurin." Don haka duk Laraba yakan roƙi mahaifiyarsa ta ajiye wayar a kan teburi, ya ce, "Tuva, Baba ne. Yau kwanana hamsin da biyu ban sha ba. Ina nan Lahadi." Ba amsa. Sai ƙarar cokali, wani lokacin ƙarar rufe ƙofa.

Sun gama makonninsu goma sha biyu. Yaran ba su dawo nan take ba. Aka fara da kwana ɗaya a mako, aka koma ƙarshen mako, sai bayan wata bakwai suka tare gaba ɗaya. Auren ma da ƙyar ya tsaya. Hege ta ce masa ta zauna ne don ta ga ko zai iya faɗin gaskiya a ranar da ba a matsa shi ba.

Da makaranta ta shirya kai ajin su Tuva kwana uku a kan duwatsu, aka ba su takardar da za a rubuta waɗanda za a kira in wani abu ya faru. Tuva ta cike da kanta. Ta rubuta mamanta, ta rubuta kakarta, ta bar layi na uku babu kowa. Ta kawo wa babanta ya sa hannu a ƙasa, tana kallon fuskarsa. Ya karanta, ya sa hannu, ya miƙa mata.

Shekara ta zagayo, aka sake kawo irin takardar. Wannan karon a kan teburin kicin ta bar ta. Ya ɗauka, sai ya ga sunansa a layi na uku.

Tana tsaye a bakin firiji, ta ba shi baya. Ta ce, "Da fensir na rubuta. Zan iya gogewa."

Ya ce, "Na gani. Daidai ne."

Vegard da kansa ya ce in ba ku wannan labarin. Ya ce har yau in ya tuna, kunya ke hana shi haɗa ido da matarsa, amma gara ita da ƙaryar.

Darasi: In kun shiga jinya ku biyu, kada ɗayanku ya sayi soyayyar 'ya'ya da mutuncin ɗan uwansa. Yaro zai iya jure jin cewa iyayensa sun faɗi, amma ƙarya takan raba shi da su biyun. Ka ɗauki laifinka da bakinka, ka ci gaba da kira ko ba a amsa ba, kuma kada ka sa wa yaro ranar da zai yafe maka. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.