Muryar da Bilya Ya Sa Aka Danne

Akwai wani saurayi a Nguru ana ce masa Bilya. Maraya ne tun yana goye. Ƙanwar ubansa ce ta raine shi, Gwaggo Talatu mai bandar kifi, wata baƙar mace siririya da kullum idonta yake ja saboda hayaƙi. Da hayaƙin nan ta ciyar da shi, ta yi masa sutura, shi da 'yarta guda, Shuhada, har ta aurar da ita can Dapchi.

Gwaggo tana da wata waƙa da take yi in tana juya kifi, waƙar ɗan kwale-kwale da ya ɓace cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, uwarsa tana bakin ruwa tana kiran sa. Akwai wani wuri a waƙar da take karya murya ta lanƙwasa ta, in ka ji sai tsigar jikinka ta tashi.

Lokacin ne wayar hannu ta shigo, situdiyo mai kwamfuta ta fara yawa, kowane yaro ya wayi gari mawaƙi. Bilya ma ya ce shi ne. Murya dai tsaka-tsaki, amma girman kai har ya yi masa yawa.

Ya ɗauki waƙar Gwaggo ya tafi Gashuwa wurin Saleh mai situdiyo. Ɗaki ɗaya ne, an manne bangonsa da soson katifa. Saleh yana da wani shiryayyen tsari a kwamfutarsa, dannawa ɗaya sai layuka su jeru, kowane layi da kwalliyar muryarsa: mai gyara kuskure, mai ƙara kauri, ga kuma eko, wato amsa-kuwwa. Saleh yakan ce, "Ko kwaɗo ya shigo nan, kanari zai fita."

Kwaɗon dai ya shiga, amma lanƙwasar nan ta gagare shi. Ya yi, ya sake, Saleh yana girgiza kai. A ƙarshe ya ce, "Mutumina, ka ɗauko mai waƙar. Ta yi a layinta, kai ka bi bayanta a naka."

Haka aka ɗauko Gwaggo daga Nguru, da warin hayaƙi a zanenta. Ta dubi makirufo ta ce, "Wannan ƙarfen ne zai ji ni? To sannu, ƙarfe." Ta rufe ido ta yi waƙarta tiryan-tiryan, Saleh har ya manta da bakinsa a buɗe.

Tana kai ƙarshe wayar Bilya ta yi ƙara, ya fice waje neman sabis. Saleh ma ya zagaya duba man janareta. Suka bar ta ita kaɗai, kwamfuta tana ci gaba da ɗauka.

A mota ta roƙe shi abu ɗaya.

"Bilyaminu, ka bar muryata a amshi ko kaɗan ne. Shuhada ta riƙa ji na a ɗakinta."

"An gama, Gwaggo."

Da ya koma situdiyo, sai ya ce wa Saleh, "Danne ta."

"Wa?"

"Tsohuwar. So kake 'yan Kano su ji kaset ɗina su ce na ɗauko mai tallan kifi?"

"Ai ka yi mata alkawari, ina ji."

"Aikinka aka ba ka ko wa'azi?"

Saleh ya ja ƙarar layinta har ƙasa, ya datse waƙar jim kaɗan bayan kiɗa ya ƙare. Aka buga kaset, hoton Bilya a gaba da baƙin tabarau, sunansa shi kaɗai.

Waƙa ta tashi. Ranar kasuwar Jajimaji ita ce, motocin Jakusko ita ce. Mutane suna cewa yaron nan muryarsa tana da inuwa, kamar wani yana biye da shi. Bilya ya ɗauki yabon ya sa a aljihu.

An kai wa Gwaggo kaset. Ta ari rediyon maƙwabta ta saurara daga farko har ƙarshe. Kunnenta ya riga ya yi nauyi, rediyon kuma sai shuu yake yi. Ta mayar musu da kayansu ta ce, "Ya iya."

Shi kuwa ya tare a Gashuwa. Da tari ya kwantar da ita, aka aika masa, ya ce yana da wasa. Aka sake aikawa, ya ce sai an gama biki. Aiken da ya biyo baya na rasuwa ne.

Bayan sadakar bakwai, Shuhada ta same shi a tsakar gida da rana tsaka, rediyo a hannunta.

"Yaya, Allah ya saka maka da ka bar Inna a ciki."

Ya ce, "A cikin me?"

"A waƙar mana. Can nesa take, amma ita ce. Kullum sai na ji ta kafin in ɗora tukunya."

Ta danna. Bilya ya ji waƙar nan ba adadi, amma bai taɓa sauraron ta ba, kansa kawai yake saurare. Yau ya kasa kunne.

A bayan muryarsa akwai wata murya, siririya, kamar daga ƙasan rijiya. Inda ya tsaya jan numfashi, ita ba ta tsaya ba. Lanƙwasar da ya kasa yi, ita tana yi. Abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne, a wasu wurare amsa-kuwwar tana riga shi buɗe baki. Ku gaya mini, ina aka taɓa ganin amsa-kuwwa ta riga mai magana?

"Saurari ƙarshe," in ji Shuhada.

Kiɗa ya mutu. Daidai inda kaset zai yi shiru, can ƙasa-ƙasa, aka ce: "Bilyaminu…"

Ya miƙe tsaye har ya ture buta.

Tun daga ranar Bilya bai ƙara samun sukuni ba. Ya shiga tasha, waƙar tana tashi daga shagon mai kaset. Ya zauna wurin mai shayi, yaro ya wuce da rediyo. Duk inda ya juya sai ya ji ana kiran sunansa na yanka, sunan da mutum ɗaya ce a duniya take kiran sa da shi, ita kuma da hannunsa ya zuba mata ƙasa. Ko ƙamshin banda ya ji a hanya, sai ya waiwaya.

Ya rame. Ya daina karɓar gayyatar biki. Wani abokinsa ya kai shi wurin malami, aka ba shi hayaƙi ya turara, hayaƙin ma ya tuna masa da ita.

Ran nan bayan azahar ya faɗa situdiyo ko sallama babu.

"Saleh, ka ce ka danne ta!"

"Na danne ta. Zo ka gani da idonka."

Ya buɗe aikin. Ga layin Gwaggo, ƙararsa a ƙasa, daram. Ya kunna waƙar, ya rufe ganga, ya rufe sarewa, ya rufe muryar Bilya. Ya kamata ɗakin ya yi tsit.

Bai yi ba.

Daga sifika, can nesa, tsohuwa tana kiran ɗan kwale-kwale ya dawo gida. Ita kaɗai, ba kiɗa, muryar tana yawo kamar a cikin kango.

Saleh da kansa sai da ya ce, "A'uzu billahi." Ya matso da fuskarsa jikin gilashin kwamfuta, yana bin layuka da ɗan yatsa. Can ya sauke ajiyar zuciya.

"Ruwa ba ya tsami banza. Ka san ban-ruwan lambu? Ka toshe babbar hanya, amma in akwai ƙaramar kwata a sama da inda ka toshe, ruwa zai bi ta can ya shiga wani fangali. To tsarin nan haka ya zo. Kowane layi yana da ɓoyayyiyar hanya zuwa layin eko, kuma tun kafin murya ta iso wurin rage ƙara take ɗiba. Na rufe mata ƙofa, ta bi ta taga. Ni ban taɓa leƙawa ba, yadda na samu tsarin haka nake aiki da shi."

"To, toshe tagar."

"Sai dai in kwashe kwalliyar duka, in mayar da kowane layi kan hanyarsa ta asali, mu sake gini daga tushe."

"Kwashe!"

Saleh ya fara da layin Bilya, yana cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ya cire mai gyara kuskure, muryar ta karkace. Ya cire mai kauri, ta koma kamar ta ɗan tsako. Ya cire eko, ta tsaya tsirara a tsakiyar ɗaki, ba inuwa, ba komai. Saleh ya saci kallon sa. Bilya ya gane a ransa cewa abin da mutane suke yabo tun farko ba nasa ba ne.

Saura layin Gwaggo. Saleh ya danna a mayar da shi yadda yake tun asali.

Abin da bai tuna ba, in layi ya koma asali, ƙararsa ma tana komawa daidai, hanyarsa kuma ta miƙe kai tsaye zuwa sifika.

Sai ga Gwaggo Talatu a cikin ɗakin.

Ba daga rijiya ba, ba daga kango ba. Nan kusa, kamar a kan kujerar da ke gefensa. Ana jin jan numfashinta. Ana jin ƙarar awarwaronta. Ta kai ƙarshen waƙa, ta yi ɗan tarin nan nata, aka ji ƙarar ƙofa lokacin da suka fice suka bar ta. Saleh bai taɓa sauraron abin da ke bayan inda ya datse ba, yau kuwa ba abin da ya tsayar da shi.

"Bilyaminu," in ji ta. "Tunda ka fita, bari in gaya wa ƙarfen nan abin da na kasa gaya maka ido da ido. Ɗan nan, ka sani…"

Bilya ya yi tsalle ya fizge wayar sifika.

Ya ce, "Tsine mini za ta yi! Ta san abin da zan yi mata! Goge ta!"

"Haba Bilya, wannan fa tun ranar ta faɗa, tana da ranta, kafin ka yi komai. Mu ji mana."

"Na ce goge!"

"To ka fita, ni in saurara. Ko in zuba wa Shuhada a faifai. Wallahi babu wani wuri a duniya da muryar matar nan take sai nan."

"Aikina ne ko naka? Ka goge, har kwandon sharar kwamfutar, ina tsaye!"

Saleh ya juya ga kwamfutar. Ya ce, "Ka dai shaida na roƙe ka." Ya goge, ya zazzage kwandon. Ɗakin ya yi tsit ɗin da Bilya yake nema.

Aka sake haɗa waƙar fes, muryar Bilya ita kaɗai da sabuwar kwalliya, aka fitar a faifan CD. Masu kaset suka saurara suka ce, "Wannan ai gawar waccan ce." Ba wanda ya saya. Tsohon kaset ɗin dai shi ake nema.

Da kaka Shuhada ta zo Nguru kwashe sauran kayan uwarta. Ta tarar da shi zaune a kan turmi, kusa da murhun banda da ya daɗe da hucewa.

"Yaya, wai ka ji saƙon kuwa?"

"Wane saƙo?"

"Inna ta ce ta bar maka magana a cikin ƙarfen Gashuwa. Ta ce duk ranar da ka ji, da gudu za ka zo. Shi ya sa da tana kwance, ko akuya ta taɓa ƙyaure sai ta ɗaga kai ta ce, 'Ya ji ke nan.'"

Ya ɗago kai. "Me ta ce a ciki?"

"Na tambaye ta har na gaji. Dariya kawai take yi ta ce tsakaninta da ɗanta ne." Ta dube shi da kyau. "Ba ka ji ba?"

A ranar ya koma Gashuwa. Saleh ya kwana biyu yana tonon kwamfuta, ya kira wani gwani daga Kano ta waya, aka ce ayyukan da aka ɗora bayan nan sun riga sun hau kan wurin. Abin da ya tafi ya tafi.

Bilya bai sake shiga situdiyo ba. Ya buɗe ɗan shagon cajin waya a bakin tasha, ya yi aure, ya yi furfura. Masu zama wurinsa sun ce har bayan da kowa ya jefar da kaset, shi yana da wani tsohon rediyo a ƙarƙashin tebur. In kasuwa ta lafa sai ya ɗauko, ya tura kaset ɗin har ƙarshe, ya manna kunnensa a sifika.

Kiɗa ya mutu. Can nesa a ce, "Bilyaminu…"

Ya ce, "Na'am, Gwaggo."

Sai rediyon ya yi ƙas, ya tsaya.

Darasi: Wanda ya ɗauke ka a bayansa ba abin kunyarka ba ne, shi ne inuwar da ake gani ana yaba ka. Ka danne shi a gaban mutane, Allah zai buɗe masa taga. Kuma mai laifi tsoronsa ne yake hana shi jin ko da albarka ce ake sa masa. In tsohuwarka tana da rai, tashi ka je ka saurare ta yau da bakinta, kada ka jira ƙarfe. Ku tura wa duk wanda kuka san ya daɗe bai leƙa gida ba.