Gizagon Cindo

An ce wai a zamanin da, a wani gari da ake kira Tudun Maɗaci, an yi wani masassaƙi mai suna Cindo. Turmi da akushi da kujera su ne abincinsa, amma dara ita ce ransa. In ya ajiye gizago da la'asar, ba inda za ka same shi sai gindin tsamiyar bakin kasuwa, ya tona gurabu a ƙasa, yana cinye abokan wasa yana yi musu dariya.

Wata rana, da dara ta gundure shi, sai ya zana wani sabon wasa a ƙasa, ya sa masa suna Ayari. Mutum huɗu ke yin sa. Kowa da fatakensa na tsakuwa, ga gurabun rijiya inda ake hutawa, ga na 'yan fashi inda ake asara, wanda ya riga kai kayansa birni shi ya ci. Kafin a jima wasan ya kama garin. Masu awo suna barin mudu, majema suna barin fata a ruwa. Matsalar guda ce: ba mai iya zana filin daidai sai Cindo, kuma abin da ya zana da yamma, kafin gari ya waye awaki sun tattake shi.

Sai Cindo ya ce wa mutane, "Zan sassaƙa muku shi a allon katako, kowa ya kai gidansa. Amma ba ni da itace, kuma in na bar turmi na kama allo, ba ni da abin da zan ci. Ku yi mini karo-karo. Duk wanda ya sa hannu, da kaka ya karɓi nasa."

Aka yi. Wani ya kawo wuri, wani damin gero, wani akuya. Arzika marini, wanda ya fi kowa bayarwa kuma ya fi kowa faɗin cewa ya bayar, ya kawo turmin baƙin zane. Wata tsohuwa mai daddawa, Tabawa, ta kwance bakin zanenta ta ba da abin da ke ciki, ta ce mijinta Mati ƙafa ta mutu masa, ba ya iya zuwa gindin tsamiya, tana so a kai masa tsamiyar har ɗaki.

Da Cindo ya ga abin ya fi yadda ya zata, sai bakinsa ya yi sauƙi. Arzika ya ce me zai hana a sassaƙa 'yan raƙuma maimakon tsakuwa, Cindo ya ce an gama. Wani ya ce a yi wa allon murfi, ya ce an gama. Wani ya ce a yi masa zanen wuta a gefe, nan ma an gama. Alkawari kaya ne, amma ranar ɗauka ba a jin nauyinsa.

Don ya cika da kaka, sai ya yi abin da tun yana yaro ubansa ya hana shi: ya sare maɗaci a tsakiyar damina, ya kama sassaƙa tun itacen yana ɗanye. Alluna suka fito gwanin sha'awa. Ya jera su a zaure yana jiran ya gama raƙuman. Iska ta fara bushewa, sai wata safiya ya ji ƙas, can kuma ƙas. Kafin a gama girbi, ba allon da bai tsage ba, wasu har ana hango haske ta cikinsu.

Cindo ba ɓarawo ba ne, kuma ba malalaci ba ne. Abin da ya rage a hannunsa ya sayi sababbin gumagumai da shi, ya jingine su a bayan ɗaki su bushe, kuma ya san ba za su sassaƙu ba sai shekara ta zagayo. Abin da ya kasa shi ne ya fito ya ce, ni Cindo, ɗan masassaƙa jikan masassaƙa, na sassaƙa ɗanye. Kunya ta kama shi. Ya samo zana ya toshe ƙofar zaurensa, ya daina zuwa gindin tsamiya. Duk wanda ya yi sallama ya tambaya, sai ya amsa daga ciki, "Saura ƙiris."

Kaka ta wuce, rani ya wuce, wata damina ta sauka, ƙiris bai ƙare ba. Inda ba labari kuwa, mutane su kan ƙera nasu. Aka ce ya sayi jaki a wani gari. Aka ce aure yake nema. Aka ce tun farko ba allo ko ɗaya, sautin sara da ake ji daga zaure, turmin wani baƙo yake yi. Daga ƙarshe Arzika ya tara masu karo-karo, suka kai ƙara gaban alƙalin garin, Malam Hambali, dattijo mai ƙarancin magana.

Aka kira Cindo da hantsi, aka ce ya zo da gizagonsa. Ya zauna ya ajiye shi a gabansa. Na ubansa ne, ƙotar ta yi santsi don daɗewa, kuma ba shi da wata hanyar ci sai shi.

Arzika ya ce, "Allah ya gafarta malam, mutumin nan ya ci namu ya rufe ƙofa. Ba mu ce a ɗaure shi ba. A karɓe gizagon nan, kada ya sake sassaƙa ko muciya a garin nan, don na baya su ji tsoro."

Alƙali ya dubi Tabawa ya ce, "Inna, ke ma haka kika ce?"

Ta ce, "Ni ban san abin da za a yi masa ba, malam. Wanda na yi dominsa ya rasu, wata biyu ke nan ko fiye. Kullum sai ya tambaye ni, allon Cindo ya fito? In ce masa saura ƙiris, tunda abin da aka gaya mini ke nan. Da yaron nan ya ce mini, Inna, ba bana ba, da na roƙe shi ya zo ya zana masa a ƙasa a ƙofar ɗaki, su buga ko sau ɗaya. Ƙasa ai tana nan. Ko gaisuwar mutuwa bai zo mini ba."

Cindo ya sunkuyar da kai. Ya ji labarin rasuwar tun ranar, ya kai har bakin lungunsu ya juyo. Alƙali ya tambaye shi ina aka kwana, sai ya ji bakinsa ya faɗi abin da ya saba: "Allah ya gafarta malam, saura ƙiris."

Malam Hambali ya auna maganar. Shari'ar tana da baki biyu. In ya karɓe gizago, ba mai samun allo har abada, kuma duk mai wata fasaha a garin zai ji tsoron neman taimakon jama'a. In ya sallame shi, gobe kowane mayaudari zai tara na mutane ya shige zaure da kalma biyu. Ga shi kuma bai san ko Cindo mai gaskiya ne ko maƙaryaci ba, don fuskar mai kunya da ta mai laifi kusan ɗaya suke.

Can sai ya ce, "An ce ba mai cin ka a dara. Tona mana gurabu, mu buga ɗaya kafin in yanke."

Mutane suka dubi juna. Cindo ya tona, ya ɗauki kara, alƙali ya ɗauki tsakuwa, suka jera 'ya'ya, aka fara tafiya. Duk da halin da yake ciki, hannun Cindo ya tuna aikinsa. Ba a jima ba ya shirya wa alƙali tarko, saura motsi ɗaya ya ci. Sai alƙali ya ɗaga tsakuwa guda ya dunƙule ta a hannu, ya jawo faifai da ɗaya hannun ya kife a kan filin, ya zauna.

Cindo ya jira. Inuwar zaure ta ja baya, rana ta hau ƙafafunsa. Ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta malam, kai ke da tafiya."

Alƙali ya ce, "Saura ƙiris."

Wani ya ƙyalƙyale a baya, aka harare shi. Cindo ya ƙara jira. Ya fara ƙoƙarin tuna yadda ya bar filin, sai ya ga ya fara rikice masa. Karansa na gefe, a gurbi na biyu yake ko na uku? Lokacin da aka kife faifan, bai ji kamar wani abu ya motsa ba? Ya sake magana, aka sake ba shi amsar nan. Har ladan ya fara gyaran murya don azahar, hannun alƙali yana dunƙule, faifai yana kife.

Sai ɗan darar da ke cikin Cindo ya rinjayi mai laifin, ya ce, "Malam, a gafarce ni, wannan ba dara ba ce. Ɗan dara yakan jira abokinsa har rana ta faɗi, bai damu ba, don idonsa na kan fili, yana ganin abin da ya tsare shi. In gurbi ya toshe maka, ka ce ya toshe. Amma ka rufe fili ka dunƙule hannu ka ce in jira, me zan jira?"

Alƙali ya ce, "Me ke hannuna?"

"Tsakuwa."

"Ka tabbata?"

Cindo ya dubi hannun, ya daɗe, ya ce, "Ɗazu na tabbata. Yanzu ban sani ba."

Malam Hambali ya buɗe hannu, ga tsakuwa. Ya ɗaga faifai, ga fili yadda aka bar shi, ba abin da ya gusa. Ya ce, "Ban taɓa maka komai ba, amma daga hantsi zuwa azahar ka fara zargin alƙalin garinku da satar tsakuwa. Waɗannan kuwa damina biyu suna kallon faifanka. Ni ina kyautata zaton tsakuwar tana hannunka, amma zatona ba shaida ba ne. Buɗe."

Bayan an yi salla, Cindo ya ja su zuwa gidansa, ya yaye zanar da hannunsa. Ga alluna a jere, kowanne da tsagarsa, ga 'yan raƙuma rabi da rabi a cikin ƙwarya, ga gumagumai a bayan ɗaki. Ya faɗi komai, har da cewa ɗanye ya sassaƙa. Abin da ya ba shi mamaki, kalmar da ya yi shekara yana gudu, ba ta ɗauki lokacin shan ruwa ba. Ba kuma wanda ya yi dariya.

Arzika ya ce, "To, mun gani ba sata ba ce. Amma ɓarna ce, kuma ɓoyewa ce. Ina nan a kan bakana, a karɓe gizago."

Alƙali ya ce, "Ka yi gaskiya, an karɓe. Daga yau gizagon nan ba na Cindo ba ne, na masu karo-karo ne, kuma kai za ka riƙe musu amana. Sai dai kayan jama'a ba a barin sa ya yi tsatsa alhali jama'a na jiran aikinsa. Daga ranar da itace ya bushe, kowace safiya ka kai shi gindin tsamiya ka ara wa Cindo, da yamma ka karɓa. A can zai yi sassaƙa, inda mai wucewa zai gani. Kafin nan, kowace ranar kasuwa ya kawo gungume guda a ƙwanƙwasa a gaban kowa, a ji inda bushewa ta kai. Allo kawai za a yi, yadda aka faɗa tun farko. Raƙuma da murfi da zanen wuta, waɗanda suka roƙa da wanda ya amsa duk sun yi laifi, na soke su. Ranar da allon ƙarshe ya shiga hannun mai shi, gizago ya koma gidansu."

Arzika ya buɗe baki zai ce yana da karofin rini da zai kula da shi, sai ya tuna shi ya roƙa, ya rufe.

Haka aka yi, kuma aikin bai yi sauri don an yi shari'a ba. Itace ya bushe a lokacinsa. Wani allon ya sake tsagewa, amma a gaban mutane ya tsage, sai aka ce Allah ya kyauta, aka jawo wani gungumen. Arzika ya yi ta jigilar gizago yana mita, har ya koyi bambanta busasshen maɗaci da ɗanye daga sautinsa, ya koma shi ke korar masu cewa a yi sauri. Wasu da suka bayar sun bar garin, aka aika musu ta hannun fatake. Na Mati, Tabawa ta karɓa, ta kai ɗaki ta jingine.

Ranar da aka miƙa na ƙarshe, Arzika ya ɗora wa Cindo gizago a hannu a gaban jama'a, ya ce, "Ga kayanka. Na wasa maka shi." Cindo ya karɓa, ya koma sassaƙa turmi da akushi, ana saye kamar da, don ba wanda ya taɓa kushe hannunsa. Amma bayan wasu shekaru, da ya ƙago wani wasan da ya fi Ayari daɗi, ya sake kiran karo-karo, waɗanda suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba. Sauran suka ce in ya gama za su saya. Alƙali ya iya mayar masa da gizago, amma yarda ba ta cikin abin da ake karɓa a majalisa.

Shi ya sa masu hankali suka ce: wanda ya karɓi na jama'a, ƙofarsa ta daina zama tasa shi kaɗai; mai jira yakan yafe jinkiri, abin da ba ya yafewa shi ne a rufe masa fili.