Takardar Kamun da Ta Jira Shi a Bakin Gada

An yi wani mutum a nan jiharmu ta Kentucky. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye. Ya sha giya, ya mari wani a shagon aski. Ƙaramin laifi ne. Aka sa masa ranar zuwa kotu, girman kai ya hana shi.

Abokinsa Otis ya ce, "Kai sakarai, haye gada ka koma Ohio mana! Wane ɗan sanda ne zai ƙona mai ya bi ka wata jiha saboda mari ɗaya?"

Haka kuwa aka yi. Alƙali ya fitar da takardar kamu, amma babu wanda ya bi shi. Ya kama aikin faci, yana hango unguwarsu daga tsallaken kogi, wai ya fi hukuma wayo.

Mahaifiyarsa, Mama Loretta, ita ke hawa bas duk Lahadi bayan coci, ta kai masa soyayyar kaza da burodin masara. Takan ce, "Yaro, je ka ga alƙalin nan mu huta, gwiwoyina sun gaji." Shi kuwa sai ya ce, "Haba Mama, sun manta da ni."

Ya 'yan uwa, takarda tana mantuwa?

Shekaru suka wuce. Gwiwoyin Mama suka ƙi tafiya, zuciya ta bi sahu. Wata Juma'a da yamma ƙanwarsa Renita ta kira shi daga asibiti: "Yaya, in za ka zo, yanzu ne. Sunanka take ta kira."

Ya ari mota ya hau gada. Saukarsa ke da wuya ɗan sanda ya tsayar da shi, wai fitilar baya ɗaya ta mutu. Ya duba sunansa a na'ura, ya ce, "Fito, malam. Ana nemanka."

Ya roƙa har da hawaye, yana nuna rufin asibitin da yatsa.

Ɗan sandan ya ce, "Ba a hannuna yake ba. Alƙali sai Litinin."

Mama Loretta ta cika ranar Asabar, idonta a kan ƙofa. Ni na rufe mata shi, mun yi maƙwabtaka tun muna amare.

Ran Litinin alƙali ya yanke masa sharar titi ta 'yan kwanaki. Abin da ya guje wa ke nan duk shekarun nan. Na gan shi da tsintsiya a ƙofar gidanta, bai ɗago kai ba.

Ya 'yan uwa, ƙaramin laifin da ka ƙi fuskanta ba ya mutuwa. Zama yake yi, ya jira ranar da ba ka da lokacinsa. In an kira ka, ka je.

Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu, ya ji ƙan iyayen da suka gaji da jira.