Ranar da Aka Zo Kwashe Kayan Mama

Akwai wata mata tela da 'yan gidansu suka laƙaba wa suna Hakane. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Duk zaman da aka yi a danginsu, idan magana ta zagayo kanta, sai ta gyaɗa kai ta ce haka ne.

Abin mamaki, a shagonta ba haka take ba. Mace za ta kawo yadi ta faɗi ɗinkin da take so, Hakane ta dube ta sama da ƙasa ta ce wannan ba zai karɓe ki ba. Amma da ta shiga cikin 'yan'uwanta sai bakin ya mutu.

Su huɗu ne a wurin mahaifiyarsu. Akwai Yaya Babba mai shagon kayan gini, wanda tun rasuwar mahaifinsu maganarsa ce ke rufe taro. Sai Yaya Nas, ma'aikaciyar jinya da aure ya kai ta wani gari mai nisa. Sai Hakane, sai Auta mai sana'ar kafinta.

Mama kuwa ita kaɗai take zaune a tsohon gidansu, mai faɗin tsakar gida da itacen lemo a tsakiya.

Wata safiya santsi ya kwashe ta a banɗaki, ta bugu a ƙugu. Ta daɗe a kwance tana kira kafin maƙwabciyarta ta ji. Allah ya taƙaita, ba karaya, amma hankalin 'ya'yan ya tashi ƙwarai.

Bayan an sallamo ta daga asibiti aka yi zama a falon Yaya Babba. Shi ya fara magana, kamar kullum. Ya ce zaman Mama ita kaɗai ya ƙare, ta dawo wurinsa a saman bene, tsohon gidan kuma a sayar tunda ba mai kula da shi. Ya gama, ya bi fuskokinsu da kallo.

Yaya Nas ta ce lafiyar Mama ce gaba da komai. Auta ya sunkuyar da kai ya ce duk yadda manya suka gani.

Zuciyar Hakane ta ƙi. Ta hango Mama a saman bene, ba itace, ba maƙwabta masu leƙowa, ga matakala ga ciwon ƙugu. Sai dai ta duba dama ta duba hagu, ta ga kowa ya amince. Ta ce a ranta, mai jinya ma ta yarda, ni tela wace ce? Ta gyaɗa kai ta faɗi abin da ta saba faɗa.

Mama ta yi murmushi ta sa musu albarka. Yaya Babba ya ce alhamdu lillahi, baki ya zo ɗaya.

Daga ranar Hakane ba ta ƙara samun natsuwa ba. Har hannun riga ta ɗinka a baibai, abin da rabonta da shi tun tana koyo. Mijinta ya tambaye ta ko ta taɓa jin ta bakin 'yan'uwan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce me za ta ji, ai a gabanta kowa ya amince.

Yaya Babba ya samu mai saye, suka tsayar da magana. Aka sa ranar kwashe kaya, da yamma kuma mutumin zai zo a sa hannu.

Ranar ta zo. Motar kaya ta tsaya a ƙofar gida tun da hantsi, direba ya buɗe bayanta ya zauna yana jira.

Hakane na ɗakin Mama tana sauke labule, amma idonta na kan tsakar gida ta taga. Abin da take gani ya ɗaure mata kai. Yaya Babba, wanda in ana aiki muryarsa har titi, ya tsuguna yana gyaran famfon gidan da za a sayar anjima. Yaya Nas ta naɗe kofi ɗaya a jarida, ta warware, ta sake naɗewa. Auta, da kwance gado bai fi masa shan ruwa wuya ba, yana ta zagaye wai sifanarsa ta ɓata, alhali ga ta a aljihunsa na baya.

Rana ta ɗaga, kwali ko ɗaya bai shiga mota ba.

Mama na zaune a bakin katifa tana ninke zannuwanta a hankali. Ba ta ɗago ba ta yi tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke kin san ɗakin da za a sa ni. Ta tagar ana hango mutane kuwa?"

Hakane ta san ɗakin. Tagarsa bangon wani gida take kallo. Ta ajiye labulen a kan kujera ta fita tsakar gida.

"Yaya, ni ban yarda a kwashe Mama daga gidan nan ba."

Yaya Babba ya miƙe daga gindin famfo, hannunsa na ɗigar ruwa. Ya tambaye ta ina bakinta yake ranar zama. Ya ce ga mota a ƙofa, ga mai saye da ya yi wa alkawari, so take ta mayar da shi ƙaramin mutum a idon jama'a? Yaya Nas ma ta sa baki, ta ce yanzu da aka samu kai ya haɗu ba lokacin kawo rabuwa ba ne.

Hakane ta ji kamar ta nutse. Kalmar nan tata ta zo har bakin harshe, ta haɗiye ta.

"Ba na cewa a bi ra'ayina," in ji ta. "Abu ɗaya nake roƙo. A sake tambayar kowa, amma a fara daga ƙarami, kai Yaya ka zo ƙarshe. Kuma mai magana kar ya kalli fuskar kowa. In duk kun ce a tafi, ni zan fara ɗaukar kwali."

Yaya Babba ya ja tsaki. Don dai a kashe bakinta ya juya ga Auta ya ce to, bismillah, faɗi a wuce wurin.

Auta ya kalli ƙasa. Da ya buɗe baki sai ga abin da ba wanda ya zata. Ya ce tun kafin Mama ta faɗi shi da matarsa suke son dawowa ɗakunan baya su zauna da ita, ya mayar da rumfar ƙofa wurin aikinsa. Abin da ya hana shi faɗa, tsoron kar a ce ƙaramin cikinsu ya sa wa gidan ido.

Yaya Nas ta ajiye kofin nan. Idonta ya cika. Ta ce a wurin aikinta ta sha ganin tsofaffin da aka raba da muhallinsu suna dusashewa ba tare da wata cuta ba, kuma matakalar benen ta tsaya mata a rai tun ranar. Amma ita da ke nesa, ba ta wanki ba ta jinya, da wane baki za ta ce a'a ga wanda ya ce zai ɗauki nauyi?

Duk suka juya ga Yaya Babba. Ya nemi wani kwali ya zauna a kai, kwalin ya lotsa, bai ma kula ba.

Ya ce a asibiti ya ji Yaya Nas na cewa abin kunya ne uwa mai 'ya'ya ta kwanta a banɗaki ba mai ɗaga ta. Ya ɗauka da shi take, shi ne babba. Shi ya sa ya kawo shawarar, yana jiran wani ya ce a'a su nemi wata hanya. Da kowa ya amince sai ya ɗauka dama abin da suke jira ke nan.

"A ɗakin bayan can aka haife ni," ya ce. "Kuna tsammani ina son in ga wani ya rushe shi?"

Yaya Nas ta rantse cewa da kanta take, ba da shi ba.

Mama ta fito tana dafa bango. Hakane ta tambaye ta, ita me ya sa ta yi shiru. Mama ta ce ta ga 'ya'yanta sun haɗa baki a kan abu ɗaya, abin da ta daɗe tana roƙo, sai ta ce ko rami suka ce ta shiga za ta shiga.

Ana cikin haka direba ya leƙo ta zaure, ya ce shi fa rana na yi, wane ne cikinsu mai ƙaurar? Suka dubi juna. Auta ne ya fara tuntsirewa, sai Yaya Nas tana dariya tana share hawaye, har Yaya Babba sai da ya riƙe ciki. Mutum biyar sun ɗauko mota don tafiyar da ko ɗaya cikinsu ba ya so.

Dariya dai ba ta gyara banɗaki. Suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin lemon suka yi zaman da ya kamata su yi tun farko, kuma wannan karon an yi musu sosai. Yaya Nas ta dage sai an canza daɓen banɗakin an sa ƙarfen dafawa. Yaya Babba ya ce a kawo mai aiki, Mama ta ce ba ta so, Hakane ta goyi bayanta. Auta ya ce ba zai tare ba sai kowa ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, don kar gobe a yi ƙananan maganganu. Kowa ya faɗa.

Saura mai saye. Yaya Babba ya ce shi ya ɗaura, shi zai kwance. Hakane ta ce ita ta jawo, tare za su je. Mutumin ya ji haushi, ya gaya musu maganganu masu zafi a gaban yaran shagonsa. Yaya Babba ya tsaya ya shanye, ya ba da haƙuri har ya sauko.

A hanyar dawowa, da suka kusa gida, Yaya Babba ya dubi Hakane. Ya rage tafiya ya ce da ta ƙara yin shiru na rabin yini, da sun yi abin da za su mutu suna nadama.

Motar ba ta koma wayam ba. Gidan hayar Auta ta nufa, ta kwaso kayansa da na matarsa.

Cikin 'yan watanni Mama ta ajiye sandar da take dogarawa tun faɗuwarta. Tsakar gida ta cika da ƙarar zarto da gudun jikoki, ita kuma tana kan kujerarta tana ba kowa umarni.

Da aka zo zaman zaɓar wa ɗiyar Yaya Babba makaranta, muryoyi suka tashi har waje. Wani mai wucewa ya tsaya ya yi sallama, ya tambaya ko lafiya, ko a shigo a raba. Mama ta leƙo da fara'arta.

"Wuce abinka, ɗana. Ba faɗa suke ba, shawara suke."

Darasi: Ba duk shiru ne yarda ba, kuma ba duk "mun amince" ne haɗin kai ba. Jama'a na iya haɗuwa su aikata abin da kowannensu yake ƙi a zuciya, don kowa na zaton shi kaɗai ne mai shakka. In kai ne babba, ka bari na ƙasa su fara magana. In kai ne mai shakka, ka faɗa cikin ladabi tun kafin mota ta tashi, wataƙila kai kowa yake jira. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan aiki, musamman waɗanda kuke zaman shawara tare.