Sunan da Nafi'u Bai Ji Ba

Akwai wani yaro a wata ruga kusa da Jangeru, sunansa Nafi'u. Shi ne ɗan farin Zulai. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun da ta haife shi, "kai" take ce masa.

A bazarar shekarar da aka fara Shari'a, zazzaɓi mai zafi ya kama shi. Ubansa ya yi kudu da shanu. Zulai ta sayar da akuya, ta kai shi wani asibitin kuɗi a Kaura Namoda, wajen Likita Muhtari.

"Ɗanki na?" in ji likita.

Ta sunkuyar da kai.

"Mi ke damunai?"

"Jikin na babu daɗi. Ga wuyan kuma..."

"Ku mutanen daji sai ɓata ma mutum lokaci. Maleriya ta. A yi mai allura, ku tafi."

Bai tashi daga kujera ba. Bai taɓa yaron ba.

A gida wuya ya sandare, yaro ya daina gane mutane. Wan Zulai, Armiya'u, direban motar Shinkafi, ya kwashe su zuwa babban asibiti a Gusau. Can aka ce sanƙarau ne, kuma an makara. Nafi'u ya rayu, amma ya kurmance.

Armiya'u ya kai ƙara kotun Shari'a a Kaura, yana nema wa yaron diyya. Likitan Gusau ya zo ya shaida cewa duk wanda ya gwada lanƙwasa wuyan nan a ranar farko zai gane ciwon.

Muhtari ya miƙe da farar rigarsa.

"Allah gafarta Malam, ba ta gaya mini komai ba. Matar da ko sunan ɗanta ba ta iya faɗi, ni zan yi mata duba?"

"Ka taɓa wuyansa?" in ji alƙali.

"Layi ya yi yawa a ranar."

"Ita bakinta ne ke da kunya. Kai hannunka fa, me ya riƙe shi?"

Muhtari ya koma ya zauna.

Alƙali ya juya ga Zulai. "Baiwar Allah, yau a ajiye kunya. Wa kike nema wa haƙƙi? Faɗi sunansa kotu ta ji."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta dubi yaron.

"Nafi'u," ta ce. Ta sake, da ƙarfi. "Nafi'u!"

Kowa a kotun ya ji. Shi yana zaune a gefenta, yana kallon ƙadangare a bango. Bai waiwayo ba.

An yanke wa Muhtari diyyar jin da yaron ya rasa. Ya sayar da motarsa ya biya, mutane suka ƙaurace wa asibitinsa har ya rufe. Armiya'u ya sayo wa yaron shanu da kuɗin.

Shanun suna nan, sun hayayyafa. Kullum da safe Zulai takan tsaya a bakin bukka ta kira sunan, ba ta damu da wanda ke ji ba. Sai ta gaji, ta taka ta dafa kafaɗarsa.

Darasi: Likita, tashi ka taɓa maras lafiya, ko da daga daji ya fito. Uwa, a gaban likita ki bar kunya a ƙofa. Kotu tana karɓo diyya, ba ta maido kunne. Ku tura wa wasu, musamman masu farar riga.